Ruwa Yana Bin Gishiri: Daga Ɗigon Kududdufi Zuwa Kofin Mai Gudawa

 

 Saƙon yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Wanda yake gona ya ajiye shi sai bayan Magariba, amma don Allah a karanta wa uwargida, domin cokalin awo a hannunta yake.

Makon jiya bayan sallar Asuba aka buga mini ƙofa. Wata baiwar Allah ce daga wani ƙauye kusa da mu nan Durun, goye da jikanta ɗan wata goma sha ɗaya. Kwana biyu yana gudawa, ido ya faɗa, madiga ta lotsa, kuka ma ba hawaye. Na tambaye ta me aka ba shi, ta ce ruwan gishiri da sukari. Na ce madalla, kawo in ɗanɗana. Jama'a, da na kurɓa sai na ji kamar na lashi kantun gishiri. Ta ce ai ta ji an ce gishirin ne maganin, shi ya sa ta ƙara don ya fi saurin aiki. Ban ba ta ko saiwa ɗaya ba. Na tashi ɗana ya ɗauke su a babur sai asibiti. Yaron ya tashi, alhamdu lillahi, amma da an ƙara rabin yini da wata maganar ake yi.

Matar nan ba ta yi sakaci ba. An gaya mata abin da za ta haɗa, ba a gaya mata dalili ba, shi kuwa wanda bai san dalili ba yakan ɗauka ƙari alheri ne. To dalilin nake so mu zauna a kansa yau.

Mu fara daga madafa. Hajiya, in kika yanka albasa ko gauta kika barbaɗa gishiri, bayan ɗan lokaci me kike gani a gindin kwano? Ruwa. Ba ke kika zuba ba, daga cikin albasar ya fito. In kika jefa zabibi a ruwa ya kwana, da safe za ki tarar ya kumbura. Wanda ya taɓa shiga fadama matsattsaku ya kama masa ƙafa ya san abin da gishiri ke yi masa: yanƙwanewa yake. Kai kuma manomi, ka san in ka zuba takin zamani ya taɓa gindin masara kuma ruwa ya ɗauke, sai ka ce taki ya ƙona shuka. Ba wuta a cikin taki. Ruwan saiwar ya janye.

Duka wannan doka ɗaya ce. Jikin kowane abu mai rai an gina shi ne da ƙwayoyin halitta ƙanana, kowace ƙwaya tana lulluɓe da tantani siriri. Wannan tantani kamar rariya yake mai ƙananan ido ƙwarai: ruwa yana ratsa shi, amma gishiri da sukarin da suka narke a ruwan ba sa wucewa sai ta ƙofofi na musamman. To in ya zama gefe ɗaya na tantanin ya fi ɗaya gefen kaurin abin da ya narke, ruwa zai riƙa tsallakawa daga gefen da ya fi tsarwa zuwa gefen da ya fi kauri, har sai sun daidaita ko wani abu ya tare shi. 'Yan boko suna kiran wannan osmosis, littattafan makarantun Larabawa suna cewa attanaduhu. Ni dai ga almajiraina cewa nake: ruwa yana bin gishiri. Amma ku riƙe cewa ba gishiri kaɗai ba, har sukari da zuma da taki.

Wani limamin kirista a Faransa mai suna Nollet shi ya fara rubuta gwajin a 1748. Ya cika 'yar kwalba da sifirit, ya ɗaure bakinta da mafitsarar alade, ya nutsa ta a ruwa. Bayan 'yan sa'o'i mafitsarar ta yi tozo, ruwa ya ratsa ya shiga. Mu ba ma buƙatar alade. A yanka dankalin turawa gida biyu sirara, a sa ɗaya a ruwan randa, ɗaya a ruwan da aka cika wa gishiri. Bayan sa'a ɗaya na randar zai yi ƙarfi har ya karye in an lanƙwasa, na gishirin zai yi laƙwas kamar tsumma. A sa yara su yi, ba za su manta ba.

Inda abin ya fi ba ni mamaki shi ne wajen halittun da duk jikinsu ƙwaya ɗaya ce tak. Wani tsohon almajirina da yake aikin awon jini ya taɓa kira na ɗakin aikinsu, ya ce Malam zo ka ga ikon Allah. Ya ɗebo ruwan kududdufi, irin wanda yara ke wanka a ciki da damina, ya ɗiga ɗigo ɗaya kan gilashi ya sa a ƙarƙashin madubin likita. Wallahi sai na ga kamar kasuwa ta ci. Wasu na iyo, wasu na juyi kamar katantanwa, wani na jan jiki a hankali yana sauya siffa. Mutumin da ya fara ganin irin waɗannan ba likita ba ne, ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na ƙasar Holand, sunansa Antonie van Leeuwenhoek. Da hannunsa yake goga gilasan, a 1674 ya duba ruwan wani tafki ya ga abin da na gani.

A cikinsu akwai wanda ake kira faramisiyam. Siffarsa kamar tafin silifa, jikinsa duk gashi-gashi da yake tuƙi da su, tsawonsa bai kai rabin milimita ba. Ku dubi halin da wannan bawan Allah yake ciki. Cikin jikinsa akwai gishiri da abinci narkakke, wajensa kuwa ruwan sama ne, tsararo. Bisa dokar da muka faɗa, ruwa zai yi ta shigarsa dare da rana ba hutu. Ba shi da ɓawo mai tauri, ba shi da ƙoda. Da an bar shi haka da kumbura zai yi ya fashe kamar balan-balan.

Sai almajirin nawa ya ce in tsayar da ido a kan guda ɗaya. Na ga wasu 'yan wurare biyu masu haske a jikinsa, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, kowanne da 'yan hanyoyi kewaye da shi kamar tauraro. Sai ka ga wurin yana cika yana girma, sai ya matse ya ɓace, sai ya sake cika. Wannan ita ce jakar kwalfe ruwa. Duk wanda ya ga masunta a dam ɗin Guzu-Guzu ko na Challawa ya san kwalekwale ba ya rabuwa da yoyo, shi ya sa ba a shiga sai da ƙwarya ko gwangwanin kwalfewa. To shi faramisiyam kwalekwale ne da aka halitta da yoyo, aka kuma halitta masa mai kwalfewa a ciki. Cikin ƙasa da sa'a ɗaya yakan zubar da ruwan da ya kai girman jikinsa duka. Kuma aikin ba kyauta ba ne, da ƙarfin abincin da ya ci yake yin sa. Masu bincike sun gwada: in aka sa masa dafin da ya tsayar da kwalfewar, kumbura yake ya fashe. In kuma aka ɗan ƙara gishiri a ruwan da yake ciki, sai kwalfewar ta yi sanyi, don yoyon ya ragu. In aka cika gishirin, sai lamarin ya juye, ruwan jikinsa ya fita, ya yanƙwane ya mutu.

Kun ga ke nan rayuwarsa tsakanin halaka biyu take, fashewa da bushewa. 'Yan uwansa da ke cikin teku mafi yawansu ba su da wannan jaka, ko kuma tana aiki a hankali, saboda gishirin teku ya yi kusa da na jikinsu. Na daɗe ina karanta ayar nan ta Suratul Furƙan da ta ambaci ruwa biyu, mai daɗi da mai zartsi, ban taɓa kawowa a raina cewa bambancin nan rai da mutuwa ne ga halittar da ido ba ya gani ba, sai ranar.

Su kuma ƙwayoyin bakteriya wata dabarar aka ba su. Ba su kwalfewa, katanga gare su. Bayan tantanin akwai bango mai tauri da ke riƙe su, ruwa ya shiga ya matsa, bangon ya hana fashewa, kamar tayar babur da ke riƙe tub. Ga wani abu da masu sayen kafso a kemis ba su sani ba: fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, da danginsa irin su amoksisilin, aikinsu hana ƙwayar gina wannan bango. Bango ya yi rauni, ruwa ya shiga, ƙwayar ta fashe. Wato maganin rushe katanga yake, ruwa ne ke ƙarasa kisan. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da irin wannan bango, shi ya sa bai yi musu haka. Kuma shi ya sa kafson ba ya taɓa ƙwayar bairos, wadda ita ce ke kawo mafi yawan gudawar ƙananan yara. Masu ɓare kafso su zuba wa jariri a cokali, ku ji wannan da kyau.

Akwai kuma amiba, wadda wani jinsinta ke kawo atuni mai jini da majina. Ita wannan a cikin hanjin mutum take zaune, inda gishirin ya yi daidai da nata, don haka ba ta da jakar kwalfewa. In za ta fita tare da bayan gida sai ta naɗe kanta cikin ɓawo, ta jira a ruwa ko a jikin ganyen salak har wani ya haɗiye ta. Wannan ɓawon, sinadarin kulorin da ake ɗigawa a ruwa ba kullum yake cin sa ba. Tafasawa ce ke kashe shi.

Mu ma fa kwalekwalen ne, sai dai mu an yi mana tafkinmu a cikin jiki. Jininmu yana da gishiri kwatankwacin giram 9 a lita ɗaya, ƙoda ce ke tsare wannan awo. Shi ya sa ruwan da ake ƙara wa marar lafiya a asibiti ba ruwa zalla ba ne. Da za a ɗura ruwa zalla a jijiya, jajayen ƙwayoyin jini za su sha su fashe. Ruwan teku kuwa yana da kusan giram 35 a lita, wanda ya sha shi ƙishirwa zai ƙara. Ko mai azumin da ya cika yaji da dunƙule a sahur ya san wannan tun kafin Azahar.

Yanzu mu dawo kan zuma da gishiri, waɗanda su ne jarin irinmu. Me ya sa zuma ke shekara a kwalba ba ta ruɓe ba, alhali kunun zaƙi kwana ɗaya ya yi tsami? Saboda zuma nunanniya ruwanta bai wuce kashi 17 zuwa 18 cikin 100 ba, sauran kusan duk sukari ne. Ƙwayar cutar da ta faɗa ciki, zumar za ta tsotse mata ruwa ta bar ta a bushe. Wannan yana daga cikin dalilan da ya sa take taimakon ƙuna da gyambo marar zurfi, ko da yake akwai wasu dalilan, kamar ɗan tsamin da ke cikinta. Allah Ya ambaci warakarta a Suratun Nahli, aya ta 69, ga kuma ɗaya daga hanyoyin da warakar ke bi. Amma in aka cire ta ba ta nuna ba, ko mai sayarwa ya sirka ta da ruwa har ruwan ya haura kashi 20, sai ka ga tana kumfa tana warin tsami, murfin jarka na kumbura. Wannan ƙarfinta ya tafi, kar a sa ta a ciwo. Gyambon mai ciwon sukari kuma da rauni mai zurfi, asibiti za a kai, ba a tsaya wasa da kwalbar zuma ba.

Haka gishiri. Mahauci yana barbaɗa shi a fata kafin ta isa hannun majema don kar ta ruɓe. Kilishi da banda da kauɗar tumatir duk hanya ɗaya ce, a raba ƙwayar cuta da ruwa. Kakanninmu ba su ga faramisiyam ba, amma ba banza ba ayarin Buzaye suka yi ɗaruruwan shekaru suna keta Sahara da raƙuma daga Bilma da Fachi suna kawo kantu har Kano.

Sai dai akwai iyaka, kuma a nan mutane ke faɗawa rami. Wasu ƙwayoyin in sun ji wuya sukan shiga ɓawo su yi barci, zuma ba ta kashe su, ajiye su kawai take. Babba ya sha ba abin da zai same shi, amma hanjin jariri bai yi ƙwarin hana su tashi ba, kuma dafinsu yana shanye jiki har numfashi. Don haka *ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma*, ko lasawa. Na san al'adarmu ta ranar haihuwa. Amma tahnikin da ya tabbata daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da dabino ya yi shi.

Na biyu, gishiri ba ya tsarkake ruwan sha daga cuta, ba ya kuma wanke jini. Ku tuna watan Agusta na 2014, lokacin Ebola, da saƙo ya zaga wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Mutane suka tashi 'yan uwansu da kira tun kafin Asuba. Aƙalla mutum biyu suka rasu, aka kwantar da wasu da dama, ba Ebola ce ta taɓa su ba, gishirin ne. Ta irin wannan wayar da kuke karanta ni yanzu saƙon ya bi. Ita ƙwayar kwalara ma asalinta daga ruwa mai ɗan zartsi take, na bakin teku, gishirin da za ka jefa a randa ba zai dame ta ba.

To ga kwalarar. Ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, zuwa 1971 ta game Nijeriya, ina yaro a makarantar allo muna jin manya na faɗin sunanta da tsoro. Ba ta tafi ba har yau. A 2021 kaɗai hukumar NCDC ta lissafa sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi tsanani tare da Bauchi da Jigawa da Zamfara. Yadda take kisa shi ne abin lura. Ƙwayar ba ta shiga jini, ba ta cin naman hanji. Zama take a bangon hanji ta saki dafi, dafin ya sa ƙwayoyin hanjin su yi ta tura gishirin jiki zuwa cikin hanji. Ruwa kuma me yake yi? Bin gishiri. Sai ka ga zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa. Babban mutum in ta yi tsanani zai iya zubar da lita guda a sa'a ɗaya. Wanda kuka yi Asuba tare, kafin Isha'i an yi masa sutura. Bushewa ce ke kashe shi, irin ta dankalin nan na cikin ruwan gishiri.

Maganin sai ya zo ta cikin dokar da ta kawo cutar. A 1960 wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, ya bayyana cewa a bangon hanji akwai wata ƙofa da gishiri ba ya shiga ta cikinta sai tare da sukarin gulukos, su biyun a lokaci guda, kamar ƙofar da ba a buɗe wa baƙo sai da ɗan gari. Daga baya aka gano dafin kwalara bai lalata wannan ƙofa. To in aka ba marar lafiya ruwa mai ɗan gishiri da ɗan sukari, sukarin zai ja gishirin su shige jiki, ruwa ya bi su a baya. An juya akalar ruwan ke nan, daga fita zuwa shiga.

A 1971, lokacin yaƙin da ya haifi ƙasar Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya. Ruwan ƙari ya ƙare. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari a cikin durom, 'yan uwan marasa lafiya na ɗiba da kofi suna ba su. Mutuwa ta sauko daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. A nan gida kuma, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka yi ta yayata ruwan gishiri da sukari har ya shiga kowane ƙauye. Sunan ya zauna a bakin mutane, awon ne ya zube a hanya.

Ga inda kakar yaron nan ta yi kuskure. Gishirin ba shi ne maganin ba, *awon* shi ne maganin. In gishiri ya yi yawa, abin da ke cikin hanji ya fi jini kauri, sai ya jawo sauran ruwan jikin yaron. Wanda ya shiga jini kuma ya ja ruwa daga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, sai jijjiga, sai suma. In sukari ne ya yi yawa, shi ma ja yake, gudawar ta ƙaru. Wannan ne ya sa lemon kwalba ba ya maganin gudawa: a lita ɗaya akwai sukari wajen giram 100, alhali haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi giram 13.5 na gulukos ne da giram 2.6 na gishiri, da wasu sinadarai biyu, ɗaya mai mayar da fotashiyam ɗin da zawo ya kwashe.

Don haka mafi kyau a sayi ƙullin ORS na leda a ajiye a gida tun kafin buƙata. A duba jikin ledar, domin wani na lita ɗaya ne, wani na rabin lita. A juye shi duka a adadin ruwan da aka rubuta, kar a raba, kar a ƙara masa komai. In dare ya yi babu shi, ga na gida: *ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin shayi.* Cokalin a shafe kansa da bayan wuƙa, ba a yi masa tozo ba. Lita ɗaya ita ce ledar fiya wata biyu masu 50cl, ko ruwan da aka tafasa ya huce. Kafin ki ba yaro ki ɗanɗana: kar ya fi hawaye gishiri. In ya fi, zubar ki sake. Abin da ya kwana ya wuni, wato sa'a 24, shi ma a zubar.

Yaron da bai kai shekara biyu ba, bayan kowane zawo a ba shi rubu'i zuwa rabin kofin shayi babba, da cokali, kaɗan-kaɗan. Daga shekara biyu zuwa goma, rabi zuwa cikakken kofi. Babba ya sha iya abin da ransa ke so. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba a hankali. Kar a ce ai yana sha yana fita, a daina. Abin da ke tsayawa ya fi abin da ke fita, kuma aikin haɗin ba tsayar da zawo ba ne, riƙe rai ne har zawon ya wuce. A haɗa da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 kullum, wanda bai kai wata shida ba miligiram 10. Nono kar a yanke. Abinci ma kar a hana: koko, kunu, fate, romo.

Wani ɗalibi ya taɓa ce mini, Malam, ina hadisin mutumin da ya zo ya ce cikin ɗan uwansa ya ɓaci, aka umarce shi ya shayar da shi zuma? Hadisin ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun fitar da shi daga Abu Sa'id al-Khudri. Amma Ibnul Ƙayyim a cikin Zadul Ma'ad ya yi bayanin cewa ɓacin cikin mutumin daga cushewar abinci ne, kuma ya ja hankali cewa magani sai ya dace da cutar da kuma gwargwadonta. Babban mutum ne mai cushewa, ba jariri mai bushewa ba, ba kuma mai kwalara ba. Zuma mai kauri in aka ɗura da yawa a cikin da ke zawo, jan ruwa za ta yi kamar lemon kwalba. Babu karo tsakanin hadisin da kofin ORS, sai a kan wanda bai karanta sharhi ba.

Zan faɗi wata gaskiya ko da ta taɓa aljihuna. Ina da bagaruwa, ina da ganyen gwaiba, ina da sassaƙe masu ɗaure ciki, kuma suna da wurinsu ga babba mai ɗan ɓacin ciki. Amma babu ɗayansu da ke mayar da ruwan da ya fita. Duk mai maganin da aka kawo masa yaro ido ya faɗa ya tsaya jiƙa saiwa, ya ji tsoron Allah. Haka masu ba da kanwa ko maganin wankin ciki wai a fitar da dattin, wannan ƙara wa rijiya zurfi ne. Ita kuma madigar da ta lotsa, ba faɗawa ta yi don maita ko iska ba, ba kuma abin da za a kwaɓa a shafa mata ya ɗago ta. Ruwan jikin yaron ne ya ragu. Ruwa ya koma, za ta ɗago da kanta. Maganar haƙori ma haka, yaro ba ya bushewa don haƙori zai fito.

Ɗaya gefen ma a kiyaye shi. Jaririn da bai kai wata shida ba, ba a ɗura masa ruwa zalla, ko ana zafin bazara. Ƙodarsa ba ta yi ƙwarin kwalfewa ba tukuna, ruwan zai tsarwatar da gishirin jininsa, ƙwayoyin jikinsa su kumbura, kamar faramisiyam ɗin da aka tsayar wa jaka. Nonon uwa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne, kuma a auna yake. Uwar ce za ta sha ruwan. In yana gudawa, nono akai-akai, sai ORS bisa shawarar ma'aikacin lafiya. Allurar rigakafin gudawar yara ta rota, wadda ake ɗigawa a baki, ta shiga jerin rigakafin Nijeriya tun 2022, a tambaya a asibitin sha-ka-tafi.

Amma akwai lokacin da kofi ba ya isa. In zawo ya zama fari kamar ruwan shinkafa, ko akwai jini a ciki, ko amai ya hana komai zama, ko yaro ya kasa kama nono, ko ya yi laushi ba ya gane mutane, ko an ja fatar cikinsa ta tsaya ba ta koma da wuri ba, ko an wuni ba fitsari, to a nemi abin hawa nan take, ko tsakar dare ne. Mu nan Durun, Kabo ko babban asibitin Gwarzo, na cikin birni kuma Asibitin Zana. A tafi da gorar ORS ana ba shi a hanya muddin yana iya haɗiya. Wanda ya yi jinya ya wanke hannu da sabulu, a tafasa ruwan shan gidan, kayan da suka ɓaci kuma kar a wanke su kusa da rijiya.

Masu tambaya a kan kanwa da hawan jini, na ga saƙonninku, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.